Ina son komawa Maradi, amma hannuna babu komai

Kawu, barka da aiki. Ni ɗan Maradi ne, shekaruna 27. A farkon 2023 na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan abin da na tara, na goya jaka na fita ganin duniya. A gida na ce Kwatano za ni duba kaya. Daga can na bi Lome, Akara, Kumasi, Abijan da Dakar har Maroko, inda na daɗe. Daga baya na yi Masar da Habasha da Ruwanda, yanzu ina Mombasa ta ƙasar Kenya. Inda kuɗi suka yanke sai in yi wanke-wanke ko shara a masaukin matafiya, a ba ni gado da abinci. Ban yi nadamar abin da na gani ba. Sai dai mutanen gida sun ɗauka bida na tafi, ni kuma ban taɓa gyara musu zancen ba. Inna kullum sai ta ce in dawo. Alhaji ya daina karɓar waya in dai ni ne. Ƙanena ya bar lakwal yana tsare shago. Kuɗin jirgi kawai suka rage mini. Ina jin kunyar a ce "me ka samo?", kuma ina tsoron in koma gari ya yi mini ƙunci. Shin in ƙara shekara guda in nemi abin shiga gida, ko in ƙarasa Indiya da nake buri, ko in dawo haka nan?

Ɗanka, daga Mombasa

Ɗana, ka sayi tikitin. Amsata ke nan, sauran abin da zan faɗa duk a kan yadda za ka shiga gida ne.

Shekara gudan nan da kake son ƙarawa ita ta fi ba ni tsoro. Kai baƙo ne mai takardar ziyara, ba ka da izinin aiki, ladanka gado ne da kwanon abinci. A wane lissafi wannan zai zama jari cikin wata goma sha biyu? Shekarar za ta cika, ka duba aljihu ka ga bai kai ba, kunyar ta ninka, sai ka ce a ƙara wata. Da wuya ka sami unguwa a Maradi, daga Bagalam har Zariya, da babu gidan da ke da irin wannan ɗa. Yana Legas ko Abijan ko Libiya, lafiyarsa ƙalau, bai yi wa kowa laifi ba, kunyar dawowa hannu Rabbana ce kawai ta riƙe shi, har aka yi jana'izar uwarsa aka gaya masa a waya. Ba na so ka shiga wannan sahu.

Indiya kuwa tana nan, ba inda za ta. Tunda kana Mombasa, ka sani wani matafiyi ya kwana a garin nan wajen shekarar 1331, wato Ibn Baɗɗuɗa mutumin Tanja ta Maroko. Ya bar gida a 1325 yana ɗan shekara 21 da niyyar aikin hajji, sai ƙasa ta yi ta miƙa shi ga ƙasa, har Indiya, har Sin. Bai sake taka Maroko ba sai 1349. A hanyar dawowa, a Dimashƙa, ya sami labarin mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 baya, mahaifiyarsa kuma ta rasu ƴan watanni kafin ya iso. Duniya na yabon tafiyarsa har yau, ni ma ina yabawa, amma duk sanda aka ambace shi tsohuwar nan ta Tanja ce ke faɗo mini a rai. Kai taka tana raye, tana kiranka da bakinta. Annabi (SAW) ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, idan ɗayanku ya biya buƙatarsa to ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Wasiƙarka ta nuna mini buƙatar ta biya. Wanda ƙishirwar tafiya ke ci har yanzu ba ya zama ya rubuta wa Kawu takarda a kan Inna da ƙanensa.

Kada ka zaci zan yi maka faɗa a kan tafiyar kanta. Allah da kansa ya ce a Suratul Ankabut a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ya fara halitta, mu ma muna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Kuma gado ka yi. Kakanninmu fatake sun kora jakuna daga ƙasar Hausa har Gwanja, su kai kanwa da fata da tufafi, su ɗauko goro a Salaga, tafiyar watanni. Zangon Kumasi da unguwar Nima ta Akara, inda na tabbata ka ji Hausa ka ci tuwo, sawunsu ne da na waɗanda suka biyo bayansu. Wasu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna noma da ɗinki da wanzanci a hanya don samun guzuri, wani ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba, wani ya zauna can bai dawo ba. Garin Mai Wurno na bakin Kogin Nilu a Sudan mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. To wanke-wanken da ka yi don ka sami makwanci ba abin kunya ba ne, da guminka ka ci, ba ka yi sata ba, ba ka yi roƙo ba.

Amma akwai inda kuka rabu da su. Bafatake da rana tsaka yake fita, an yi masa addu'a a ƙofar gida, uba ya san inda ɗansa ya dosa. Kai ka ce Kwatano za ka duba kaya. Bashin da ke kanka ke nan, ɗana, kuma ya fi kuɗin babur nauyi. Kana ta auna kunyar da za ka ji in an ce "me ka samo?", ba ka auna wadda Alhaji ya riga ya sha ba. Shekara ta uku ke nan ana tare shi a ƙofar masallaci da bakin kasuwa ana cewa "Alhaji, ina labarin yaron nan?" Me yake cewa? In ya ce kana fatauci, ina kayan? In ya ce kana karatu, a wace makaranta? Dattijo mai shago, wanda jarinsa na farko shi ne a yarda da maganarsa, ka bar shi ba shi da amsa a kan ɗan cikinsa. Ina kyautata zaton ya daɗe da gane cewa babu wani kaya, iyaye sukan gane. Shirun da yake yi maka jira ne, yana jiran ka faɗa da bakinka.

Don haka gaskiya ta riga ka isa gida. Kada ka bari sai ka sauka a tasha, an taru ana leƙen jakarka, sannan a gano. Ka fara da Inna, ka kira ta kai tsaye, kada ka tura saƙon murya a WhatsApp wanda za a yi ta kunna wa maƙwabta. Sannan ka nemi baffanka, ko aminin Alhaji wanda suke zama tare bayan la'asar, ka gaya masa komai, ka roƙe shi ya kai maganar. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce: na ce Kwatano za ni duba kaya, ba gaskiya ba ne, yawon ganin ƙasashe na tafi, ban tara komai ba, ina neman gafara, kuma ina neman izinin Alhaji in dawo. Kada ka manta da wannan na ƙarshe. Ka tafi ba da izininsa ba, ka ƙwace masa abin da yake haƙƙinsa. Idan ka nemi izinin dawowa ka mayar masa da girmansa, ko da ka san ba zai ce a'a ba.

In ka yi haka, tambayar da kake tsoro ta rasa kaifinta tun kana hanya. Mutanen gari za su yi magana, babu shakka. A fadarku za a yi maka ba'a, wata gwaggo za ta ce ɗan wance ya dawo da mota. Ka yi murmushi ka ce ilimi na samo, Allah ya sa albarka, ka wuce. Mako biyu ko uku wani sabon zance zai taso a manta da kai. Tsaraba kuwa ba ta buƙatar dukiya, amma kada ka shiga babu ita. A Mombasa ake gwanjon ganyen shayin Gabashin Afirka, kuma ganyen ba shi da tsada ko nauyi, ka saya wa Alhaji da baffanka. Inna ka nemo mata zanen kanga na matan bakin tekun nan, da ɗan kanumfari. Yara alewa ta ishe su. Abin da tsaraba ke faɗa shi ne na tuna da ke ina can, kuma Inna za ta ji wannan ko a zane ɗaya.

Yanzu ga wanda ka ambata a layi guda ka wuce, wanda ni kuwa na fi daɗewa a kansa: ƙanenka. Kana kallon teku a Dakar, shi yana buɗe shago da sassafe. Kuma ka san shekarun da ya riƙe shi? Ka bar gida ƴan watanni kafin canjin mulki na 26 ga Yuli 2023. Bayansa CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta saka takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Kai ɗan Maradi ne, ka san abin da rufe iyakar Ɗan Isa ke nufi ga mai shago, garin da rabin numfashinsa ta Jibiya da Katsina da Kano yake shigowa. Iyakar ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Naira ta faɗi warwas a wannan tsakanin, lissafin duk mai saye da sayarwa tsakanin sefa da naira ya rikice. Sai ga daminar 2024 da ambaliyarta, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, gidaje da yawa suka rushe, aka rasa rayuka. Duk wannan a labarai ka ji shi. Yaron nan a cikinsa ya koyi ciniki, ya koyi bin bashi, ya koyi haƙuri da masu kaya, ya ajiye littattafansa don kujerar da ka bari.

To kada ka dawo ka miƙa hannu a ba ka makulli don kai ne babba. Girman haihuwa naka ne, ba mai ƙwace maka shi, amma shagon yau ya fi ka saninsa. Ka zauna kusa da shi ka koya, ka bar shi ya gaya maka farashi da waɗanda ake ba bashi da waɗanda ba a ba. Ka sami lokacin da ku biyu ne kaɗai ka gode masa da baki, ka ce na san abin da tafiyata ta ci maka. Mu maza mukan ji nauyin irin wannan magana, musamman ga ƙane, amma ka daure ka faɗa. Sannan ka tambaye shi ko yana son komawa karatu. In yana so, aikinka na farko a Maradi ke nan: ka riƙe shago, shi ya koma aji, ko ya shiga jarrabawa daga waje. Ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a cikin gari, ba sai ya yi nisa ba. In kuma ya ce kasuwa ta shige shi, to a zauna gaban Alhaji a fayyace rabon kowa tun da wuri, kafin shaiɗan ya sami wurin zama tsakaninku. A ganina, ranar da yaron nan ya sami haƙƙinsa ita ce ranar da tafiyarka za ta halatta a idon gidanku.

Sai harshe. Duk wanda ya daɗe a waje yakan dawo da wata cuta, ta "a can kuwa". A Kigali kuwa babu leda a titi, tun 2008 aka hana ta, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ke fita aikin gayya. A Kenya kuwa tun 2007 ake biyan kuɗi ta waya da M-Pesa, har mai tumatir. A Maroko kuwa ga jirgin ƙasa mai gudu daga Tanja zuwa Kasablanka. Duk gaskiya ne, kuma ni ma ina so a ce magudanan ruwanmu ba su toshe da leda ba. Amma mutumin da ya kwashe laka daga ɗakinsa a daminar 2024 ba ya buƙatar wanda bai nan ya zo ya auna masa garinsa da Kigali. Daren farko za a saurare ka da marmari, na uku da ladabi, daga nan a fara tashi in ka buɗe baki. Ka bari sai an tambaye ka. Idan tsabtar Kigali ta burge ka da gaske, ɗauki shebur ka fara da kwatar ƙofar gidanku, samarin fada za su biyo ka ko don kunya.

Kafin ka ba da labari, ka karɓi nasu. Ka sa Inna ta lissafa maka waɗanda suka rasu ba ka nan, da gidajen da aka yi aure da haihuwa. Makonka na farko na ta'aziyya da barka ne, gida gida, har ƙauye in akwai dangi can. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ta kai ka Habasha ba za ta gaza kai ka Tibiri ko Madarunfa ba.

Ƙuncin da kake tsoro zai zo, ba zan ɓoye maka ba. Ba a makon farko yake zuwa ba, lokacin ana ta kawo maka fura ana yi maka sannu da zuwa. Sai an watse, ka ga gobe irin yau ce, ka ga kowa ya san inda ka je da wanda ka gaisa da shi, ga zancen aure an fara ɗauko maka. Ka saba tashi da safe ka zaɓi gari, yanzu ko fita dare sai an tambaye ka. Gida zai matse ka kamar takalmin da ka daɗe ba ka sa ba, kuma matsin ba ya nufin ba naka ba ne. Abin da nake so ka yi wa kanka alkawari shi ne ba za ka yanke wata babbar shawara ba sai ka ga damina ɗaya da rani ɗaya sun wuce kana gida. Kada ka sake goya jaka cikin fushi, kada kuma ka karɓi aure don kawai a ce ka natsu, ƴar mutane ba maganin kewar hanya ba ce. In aka matsa, ka ce a ba ka lokaci ka tsaya da ƙafarka tukuna, wannan uzuri ne da kowane dattijo ke ganewa.

Kwanakin da suka rage maka a Mombasa kuwa, kada ka ƙarar da su a ɗaukar hoto. Sayi littafi ka zauna ka rubuta, tun abin yana da ɗumi. Ba sunayen garuruwa nake nufi ba, waɗannan suna cikin fasfo. Rubuta waɗanda suka taimake ka ba su san ka ba, da lambobinsu, ka kira na kira ka yi musu ban kwana. Rubuta ranar da ka fi jin tsoro da abin da ya fitar da kai. Rubuta abin da ka iya yanzu wanda ba ka iya ba da: Turancin Ingilishi da ka ƙaro a kan Faransancinka, Larabcin kasuwa, ɗan Suwahili, girki, karɓar baƙi, tafiyar da kuɗi kaɗan su kai ka nesa. Rubuta kayan da ka ga suna da daraja a can alhali a wurinmu suna zube, irin su riɗi da aya da fatar jar akuyar Maradi. Ban ce gobe za ka zama mai fitar da kaya waje ba, wannan sai da jari da takardu da shekaru. Amma a garin da ke ciniki da Najeriya dare da rana, saurayi mai Hausa da Faransanci da Ingilishi, wanda ya san yadda ake tsallaka iyaka da takarda sahihiya, ba zai rasa alhajin da ke buƙatarsa ba. Wannan littafi shi zai tuna maka abin da ka samo a ranar da kai kanka ka fara shakka.

Batun hanya a taƙaice. Duba ranar ƙarewar fasfonka da kwanakin da aka ba ka na zama a Kenya tun yau, don wanda ya wuce wa'adi tara ke jiransa a filin jirgi, kai kuma ba ka da rarar kuɗi. In fasfon ya sami matsala, akwai ofishin jakadancin Nijar a Adis Ababa. Ka sani kuma tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, don haka ka tambayi abin da ake nema a kowace iyaka kafin ka biya kuɗin tikiti. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ka ajiye shi tare da fasfo, ana nemansa wajen shiga. Jirgin Habasha na sauka Yamai, yana sauka Kano. Daga Yamai tafiyar sama da kilomita 650 ce ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Madawa. Ta Kano ta fi kusa sosai, amma yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga, in ta nan za ka bi ka tambayi direbobin da ke bin ta kullum, kuma da rana kawai. Kada ka yarda da duk wata hanya mai araha da babu hatimi a cikinta.

Ka kula da zazzaɓin cizon sauro. Juriyar da jikinka ya samu tun yarinta tana raguwa idan mutum ya daɗe inda babu cutar, kai kuma ka daɗe a Maroko, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da ita tun 2010, ga Masar, ga tsaunin Adis Ababa. In ka iso da damina ko kaka, ka kwana cikin gidan sauro tun daren farko, kuma zazzaɓi na taɓa ka ka je a gwada jini a ranar, kada ka ce ai ka saba.

Ka sanar da ranar isowarka, ka kuma shiga gari da rana, don Annabi (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare, kuma shi kansa in ya dawo yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu. Daga masallaci ka wuce wurin Alhaji kafin kowa, kafin abokai, kafin ma ka kwance jaka. Ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi, ka maimaita da bakinka abin da baffanka ya riga ya kai masa. Wataƙila ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai har ya gama, kada ka kawo hujja ko ɗaya. Wataƙila ya amsa gaisuwar a taƙaice ya ci gaba da jan carbinsa. Kada wannan ya karya maka gwiwa, kuma kada ka kai ƙararsa wurin Inna ka sa ta a tsakiya. Ka bi shi sallar asuba washegari, ka riga ƙanenka zuwa share ƙofar shago, ka yi ta yin haka ko zai ɗauki watanni. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da su lafiya.

Kawunka